Gandun dajin damisar Indiya: wa ya kashe, wa ya biya?



Da yawanmu mun taɓa cin karo da irin hotunan nan a waya: mota buɗaɗɗiya cike da mutane, kowa ya ɗaga kamara, ga wata ƙatuwar dabba mai jan gashi da baƙin zane tana tsallaka hanya a gabansu, ko kallo ba su ishe ta ba. Yawancin hotunan daga Indiya ake ɗauko su. Dabbar kuwa ita ce damisar Indiya. Ta sha bamban da damisar da kakanninmu suka sani, mai ɗige-ɗige. Wannan zane gare ta tun daga kai har wutsiya, namijinta yakan haura kilo 200, kuma babu irinta a dazukan Afirka ko ɗaya. Daga nan gaba in na ce damisa, to ita nake nufi.

Ga yadda ziyarar take a gandun dajin Ranthambore da ke jihar Rajasthan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna. Baƙo zai kwana a garin Sawai Madhopur, ya sayi tikiti ta intanet tun da sauran lokaci. Da asuba mota ta zo ta ɗauke shi, ko dai ƙaramar kat-kat mai cin mutum 6, ko babba mai cin mutum 20. An raba dajin shiyya 10, kowace mota da shiyyar da aka ba ta, kuma ba a yarda kowa ya sauka ƙasa ba. Direba da ɗan rakiya suna duba sawu a cikin ƙura, suna kasa kunne. Da sun ji biri ya yi kukan gargaɗi daga bisa itace, ko barewa ta yi wata ƙara mai kama da haushi, sun san damisa tana kusa. Bayan kamar awa uku a koma masauki, sai kuma zagayen maraice. Wani ya gani tun ranar farko, wani ya yi kwana uku bai ga ko wutsiya ba. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ana rufe tsakiyar dajin.

Baƙo yana kallon fadamu masu ciyawa da tafkuna da tsohuwar ganuwa bisa dutse, sai ya ɗauka haka wurin yake tun fil'azal. To ba haka ba ne. Da dama daga cikin filayen da barewa ke kiwo a yau gonakin mutane ne da makiyayarsu a da. Wannan daji da ake gani mai tsit, mutane ne suka mai da shi haka, kuma sau biyu ana share shi: karo na farko aka share damisa da bindiga, karo na biyu aka share ƙauyuka don damisa ta dawo. Waɗanda suka yi sharar farko daban, waɗanda ta biyu ta faɗa wa daban.

Lokacin da damisa take abin wasan manya

Tun kafin zuwan Turawa sarakunan Indiya suna farautar damisa, don nuna jarumta da isa. Amma ɓarnar ta yi tsanani ne a zamanin mulkin Ingila. Dalili biyu ne. Na farko, Turawan suna son a sare daji a yi gonaki don haraji ya ƙaru, suna kuma son katako don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Dokokin daji na 1878 da 1927 sun ƙwace dazuka masu yawa daga hannun ƙauyuka sun mai da su mallakar gwamnati. Damisa kuma aka sa ta cikin jerin dabbobi masu ɓarna, duk wanda ya kashe ya kawo shaida a ba shi lada. Masanin tarihin nan ɗan Indiya, Mahesh Rangarajan, ya bi takardun ladan, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1875 da 1925 an kashe damisa fiye da 80,000.

Dalili na biyu shi ne shagali. Babban Bature ko basarake ba ya cika sai ya ɗauki hoto da ƙafarsa bisa gawar damisa. Ana fita da giwaye da ɗaruruwan talakawa masu kaɗa ganguna da gwangwanaye, su koro dabbar har gaban mai bindiga, shi kuwa yana zaune bisa giwa ko bisa wani dandamali da aka ɗaure a kan itace. A watan Disamba na 1911 Sarkin Ingila George na Biyar ya je farauta Nepal, maƙwabciyar Indiya. Cikin kwana 10 shi da tawagarsa suka kashe damisa 39 da karkanda 18. Sarkin Surguja, wata masarauta a tsakiyar Indiya, ya faɗa da kansa cewa ya kashe damisa fiye da 1,100 a rayuwarsa. Mutum ɗaya ke nan fa!

Ranthambore ɗin nan da ake zuwa kallo a yau, dajin farautar sarakunan Jaipur ne. A farkon 1961 Sarauniya Elizabeth da mijinta Yarima Philip suka ziyarci wurin a matsayin baƙin Sarkin Jaipur, Philip ya harbe damisa, aka jeru aka ɗauki hoto. A cikin wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar kare namun daji ta WWF, kuma shi Philip ɗin ne ya zama shugaban reshenta na Ingila. Haka zamanin yake.

Maharbin da aka sa wa daji sunansa

Duk wanda ya karanta tarihin nan zai ci karo da sunan Jim Corbett. Bature ne haifaffen Indiya, an haife shi a garin Nainital a 1875, ya tashi a gindin duwatsun Himalaya, yana jin yaren mutanen wurin, ya san daji kamar tafin hannunsa. Abin da ya fito da shi shi ne farautar damisoshin da suka koma cin mutane. Wadda ta fi suna ita ce ta Champawat. An lissafa mutum 436 da ta kashe tsakanin Nepal da yankin Kumaon, har mata suka daina fita itace da yankan ciyawa. Corbett ya harbe ta a 1907. Da ya buɗe bakinta sai ya tarar fiƙoƙinta biyu na gefen dama a karye, kuma a ganinsa harsashin wani maharbi ne ya karya su tun da farko. Da wannan bakin ba ta iya kayar da barewa yadda ya kamata, shi ne ta koma kan abin da ya fi sauƙi.

Daga irin wannan Corbett ya gane cewa damisa ba ta cika neman mutum ba sai in rauni ko tsufa ko rashin abinci ya tilasta ta, kuma sau da yawa mutum ne sanadin raunin. A ƙarshen rayuwarsa ya fi riƙe kamara bisa bindiga, yana ta gargaɗi cewa dabbar tana ƙarewa. Yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har aka keɓe wani yanki a kwarin kogin Ramganga a 1936, aka hana farauta a cikinsa. Shi ne gandun dajin ƙasa na farko a Indiya. An fara sa masa sunan Hailey, tsohon gwamnan lardin. Corbett ya koma Kenya a 1947, ya mutu can a 1955, daga baya aka mai da sunan dajin zuwa nasa. Yau yana cikin jihar Uttarakhand, ana shigarsa ta garin Ramnagar.

Sai dai gandu ɗaya bai hana komai ba a sauran ƙasar. Bayan samun ƴancin kai a 1947 abin ma ƙaruwa ya yi. Bindigogi suka yawaita, aka samu motocin jif da fitilu masu ƙarfi na farautar dare, kamfanoni suka buɗe suna sayar wa attajiran Amurka da Turai damar harbin damisa, fatarta kuma ana fitar da ita waje ana ɗinka riguna. Ga sare daji don noma da madatsun ruwa.

1,827

A watan Nuwamba na 1969 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta yi babban taronta a birnin Delhi. Wani jami'in gandun daji mai suna Kailash Sankhala ya tashi ya gabatar da bincikensa, ya nuna cewa damisar da ta rage ba ta wuce ƴan dubbai kaɗan ba. Firaminista Indira Gandhi ta ɗauki maganar da zafi. Aka hana fitar da fata, aka hana farautar damisa a 1970, aka yi dokar kare namun daji a 1972. A wannan shekarar aka yi ƙidaya ta farko a faɗin ƙasar, aka samu 1,827. A farkon ƙarnin ana ƙiyasin sun kai 40,000.

Ranar 1 ga Afrilu 1973, a cikin dajin Corbett, aka ƙaddamar da shirin ceton damisa da ake kira Project Tiger, Sankhala ne shugabansa na farko. WWF ta yi alƙawarin dala miliyan ɗaya. Aka fara da gandu 9, cikinsu har da Corbett da Ranthambore da Kanha da Bandipur da Sundarbans. Aka kuma ayyana damisa a matsayin dabbar ƙasa, ta karɓi gurbin zaki.

Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Damisa ɗaya tana buƙatar barewa ko makamanciyarta wajen 50 a shekara, kusan ɗaya kowane mako. Barewa tana buƙatar ciyawa da ruwa. In shanu sun cinye ciyawar, barewa ta ragu, damisa ta koma kan shanu, mai shanu ya sa guba. Don haka aka raba kowane gandu gida biyu: tsakiya, inda ba noma ba kiwo ba sare itace, da gefe, inda aka yarda mutane su yi wasu harkokinsu. A takarda abin ya yi kyau. Matsalar ita ce tsakiyar nan akwai mutane a ciki, wasu tun kaka da kakanni.

Ƙauyukan da aka tasa

A Kanha, cikin jihar Madhya Pradesh, an fara tashin ƙauyuka tun 1969, yawancinsu na ƙabilun Gond da Baiga. Gonakinsu suka koma fadamun ciyawa. Wata irin barewa mai ƙaho da rassa, da ake kira barasingha, wadda ta ragu zuwa 66 kacal a 1970, ta farfaɗo a waɗannan filayen. Yau su ne wuraren da motocin baƙi suka fi tsayawa ɗaukar hoto.

A Ranthambore aikin ya faɗa hannun wani jami'i mai suna Fateh Singh Rathore. Shi ya shimfiɗa hanyoyin da ake bi a yau, ya gyara tafkuna, ya kuma tashi ƙauyuka fiye da goma a shekarun 1970, aka kai mutanen wasu sababbin matsugunai a waje. Cikin ƴan shekaru damisar da a da ba ta fita sai dare ta fara yawo da rana tsaka a bakin tafki. Wurin ya yi suna a duniya. Amma makiyayan da ke kewaye, waɗanda aka hana su shiga da dabbobi, ana cin su tara, ba su ga abin murna ba. A 1981 wasu daga cikinsu suka tare Rathore suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka bar shi a kwance suna zaton ya mutu. Ya yi watanni a asibiti, ya warke, ya koma bakin aikinsa. Mutumin bai yi don aljihunsa ba, su ma makiyayan ba don mugunta kawai suka yi ba. Ciyawa ɗaya ce, baki biyu ke nemanta.

Akwai kuma labarin Van Gujjar, wanda duk wanda ya san rayuwar makiyaya zai gane shi nan take. Musulmi ne masu kiwon baunar gida, sana'arsu nono. Da sanyi suna zaune a dazukan gindin Himalaya, da zafi su kora dabbobi su hau makiyayar kan duwatsu, in sanyi ya gabato su sauko. Da aka kafa gandun dajin Rajaji a 1983, maƙwabcin Corbett, sai aka wayi gari inda suke sauka shekara da shekaru ya zama haramtaccen wuri. Aka yi ta ja-in-ja da shari'a. A ƙarshe aka kwashe iyalai da dama zuwa matsugunan Pathri da Gaindikhata kusa da Haridwar, aka ba su ƴan filaye aka ce su koma noma. Makiyayin da aka raba da garkensa aka miƙa masa fartanya, mun san yadda wannan take.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan mutanen da ya hau giwa ya kashe damisa 39 cikin kwana 10. Amma da aka zo biyan bashin, ƙofarsu aka ƙwanƙwasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Damisar takarda

A shekarun farko alƙaluma sai hawa suke. Kowace ƙidaya ta fi ta baya, har aka haura 4,000 a ƙarshen shekarun 1980. Yadda ake ƙirgar kuwa shi ne da sawu. Ma'aikata su bi daji, in sun ga sawu su zana shi a takarda ko su zuba masa farin siminti ya daskare, a kai ofis a ce wannan na damisa kaza ne, wancan na wata ce daban. Wani masani mai suna Ullas Karanth ya daɗe yana cewa wannan hanyar ba ta da tabbas, don sawun dabba ɗaya yana canzawa daga yashi zuwa laka. Ban da haka, wane shugaban gandu ne zai rubuta wa na sama da shi cewa dabbobin da aka ba shi amana sun ragu? Kowa sai ya ƙara ɗaya ko biyu bisa na bara.

Ana cikin haka wata sabuwar kasuwa ta buɗe. Ana neman ƙashin damisa don haɗa magungunan gargajiya a Sin, ana neman fatarta a Tibet don adon rigunan biki. Dillalai a Delhi suna ba mafarautan ƙauye kuɗi kaɗan da tarkon ƙarfe, su kuma su fitar da kayan ta Nepal. A watan Oktoba na 2003 jami'an kwastan a Tibet suka kama mota ɗaya ɗauke da fatar damisar Indiya 31 da ta damisa mai ɗige-ɗige 581.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Janairu na 2005 wani ɗan jarida na Indian Express, Jay Mazoomdaar, ya buga labari cewa babu damisa ko ɗaya a gandun Sariska, wanda bai wuce tafiyar kilomita 200 daga Delhi ba. A takardun hukuma na shekarar da ta gabata akwai tsakanin 16 da 18. Jami'ai suka fara cewa ai sun ɗan yi ƙaura ne, za su dawo. Aka tura hukumar bincike ta tarayya, ta bi dajin ta tabbatar: an kashe su kaf. Ana biyan albashi, ana sayar da tikiti, baƙi suna shiga suna fita, abin da ake gadi kuwa babu shi. Aka kama wani babban dillalin fata na Delhi mai suna Sansar Chand. Bayan shekara 4 irin wannan ta sake faruwa a gandun Panna.

Firaminista Manmohan Singh ya kafa kwamiti ƙarƙashin wata mai fafutukar muhalli, Sunita Narain. Rahoton kwamitin ya faɗi magana mai nauyi: bindiga da shinge kaɗai ba za su ceci damisa ba, muddin mutanen da ke kewaye da ita suna kallon gandun a matsayin abokin gaba. Wanda aka hana kiwo, aka ci shi tara, damisa ta cinye saniyarsa ba a biya shi ba, in ya ga baƙo da tarko ya shiga daji me zai sa ya kai rahoto?

Gyaran da aka yi

Shekarar 2006 ta zo da abubuwa uku. Aka kafa hukuma ta musamman mai kula da damisa a matakin ƙasa. Aka watsar da ƙirgar sawu, aka koma ɗaura kamara a jikin itatuwa, mai ɗauka da kanta in dabba ta gifta. Zanen kowace damisa daban yake da na ƴar'uwarta, kamar zanen yatsan mutum, don haka ba a ƙirga ɗaya sau biyu. Da aka yi ƙidayar gaskiya sai aka samu 1,411. Ƙidayar sawu ta ƙarshe, ƴan shekaru kafin nan, ta ce 3,642 ne. Fiye da rabi ashe a takarda kawai suke. Abu na uku, majalisa ta yi dokar haƙƙin mazauna daji, wadda ta amince cewa an zalunce su a tarihi, ta kuma ce ba za a tashi ƙauye ba sai da yardar mutanensa. A farkon wannan shekarar kuma Dalai Lama ya yi kira ga mutanen Tibet su daina sa fatar namun daji, mutane suka riƙa fito da rigunansu masu tsada suna ƙonawa a bainar jama'a.

A ƙarshen Yuni 2008 jirgi mai saukar ungulu na sojan sama ya ɗauko namijin damisa daga Ranthambore ya sauke shi a Sariska, aka biyo shi da mata. A 2010 aka tsinci gawar wannan namijin, guba aka sa masa. Duk da haka aka ci gaba, sauran suka hayayyafa, Sariska da Panna duka suka sake samun damisa.

Daga nan ana ƙidaya duk shekara 4: 1,706 a 2010, sai 2,226 a 2014, sai 2,967 a 2018, sai 3,682 a 2022. Gandun Corbett kaɗai yana da 260. Gandayen damisa sun tashi daga 9 sun haura 50, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na damisar da ta rage a dazukan duniya tana Indiya. A daidai wannan lokacin Kambodiya da Laos da Biyetnam sun rasa tasu gaba ɗaya. Ƙasa mai mutum fiye da biliyan 1.4 ta iya yin wannan, dole a yaba mata.

Wa ke cin moriya yanzu?

Damisa ta zama dukiya. Wata mace a Ranthambore da ake kira Machli, wadda aka taɓa ɗaukar hotonta tana kokawa da ƙaton kada har ta kashe shi, ta ja dubban baƙi shekara da shekaru. Gwamnati ta buga hotonta a kan sarki a 2013, da ta mutu a 2016 kuma har jana'iza irin ta mabiya Hindu aka yi mata. Otal-otal suka cika bakin gandayen, wasu ma suka toshe hanyoyin da dabbobi ke bi zuwa kogi. A watan Yuli na 2012 Kotun Ƙoli ta hana yawon buɗe ido a tsakiyar gandayen baki ɗaya. Bayan wata uku ta janye, bisa sharaɗin kada baƙi su wuce kashi 20 cikin 100 na tsakiyar. Mutanen da aka tasa suna da tambayar da har yau ba a ba su amsa mai gamsarwa ba: in tsohuwa mai tsintar itace tana damun damisa, motoci 20 masu ruri ba sa damunta?

Kuɗin tashi ya ƙaru. Daga 2008 ana ba kowane iyali rupi miliyan 1, daga 2021 aka mai da shi miliyan 1 da rabi, wajen miliyan 10 na sefa. Akwai iyalan da suka karɓa da murna, don zama cikin gandu ba makaranta ba asibiti ba lantarki, ga giwa da aladen daji suna cinye amfanin gona, ba daɗi gare shi ba. Akwai kuma waɗanda suka ce matsi aka yi musu har suka sa hannu, kuɗin ya ƙare, ba gona ba daji. A 2024 hukumar damisa ta rubuta wa jihohi cewa su hanzarta tashin ƙauyuka kusan 600 da suka rage a tsakiyar gandayen, iyalai fiye da 60,000, mazauna daji suka fito zanga-zanga a jihohi da dama.

Sannan damisa ba ta san iyaka ba. In ɗanta ya kai shekara 2 dole ya bar uwarsa ya nemi nasa yankin, gandu kuwa ya cika, sai ya faɗa gonakin rake da na auduga. Wajen kashi 30 cikin 100 na damisar Indiya a wajen gandu suke zaune. A 2022 sun kashe mutum fiye da 100, yawanci a jihar Maharashtra, kuma kusan duk manoma ne da makiyaya da mata masu neman itace. A 2018 aka harbe wata mace da ake kira Avni a yankin Yavatmal, bayan an ɗora mata alhakin mutuwar mutum 13. Ƙauyawa suka yi murna, mutanen birni suka fito da kyandir suna zanga-zangar an kashe ta. Hausawa sun ce damisa ƙi sabo. Wanda ke ganinta a waya da wanda ke kwana kusa da ita ba za su taɓa yi mata kallo ɗaya ba.

Amma akwai inda aka gwada wata hanya. A tsaunukan Biligiri Rangana na jihar Karnataka, ƙabilar Soliga ta ƙi tashi, ta bi dokar 2006 ta samu takardar haƙƙinta a cikin gandun a 2011. Suna nan suna ɗibar zuma da ƴaƴan itace, damisa kuma ƙaruwa ta yi a shekarun da suka biyo baya. Shi kansa Fateh Singh Rathore, wanda aka kusa kashewa, bayan ya yi ritaya ƙungiyar da ya jagoranta ta koma aiki da ƙabilar Mogya, mafarautan gado da dillalai ke amfani da su. Aka buɗe wa ƴaƴansu gidan kwana don su yi karatu, aka ɗauki matasan ƙauyuka aikin sa ido a daji. Ya rasu a 2011.

Mu ma a nan mun ga irin wannan da idonmu. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba, cikin gonakin mutane suke yawo, kuma da aka jawo manoman wurin cikin aikin sai suka haura 600. A 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace kusan shekara 50. Gaskiya raƙumin dawa wake yake ci, ba mutum ba, don haka nauyin ba ɗaya ba ne. Amma tambayar iri ɗaya ce a Kure da Ranthambore: mutumin da ke maƙwabtaka da dabbar, me yake samu in ta rayu, me yake rasawa?

Indiya ta ɗauki shekara 32, daga 1973 zuwa abin kunyar Sariska, kafin hukumominta su fara yin wannan tambayar da gaske, kuma har yau ba su gama amsa ta ba. Iyalai fiye da 60,000 suna nan suna jiran abin da za a yanke a kansu.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya kare mana dazukanmu da mutanen da ke cikinsu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.